Yadda Shanun Huɗar Babana Suka Tafi a Motar da Ba Takarda

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya same ni, ni ɗan acaɓa ne a Kiru, mai zafin nema da saurin yarda, ba abin da nake buri kamar in ga kaina a sitiyari ina jigilar fasinja zuwa Tudun Wada da Doguwa. Na dame babana da magiya har ya gaji. Dattijo ne manomi a wani ƙauye kusa da Ɗansoshiya, dukiyarsa duk duniya shanun huɗa biyu. Da kaka ta yi ya sayar da su, ya haɗa da kuɗin babur ɗina, ya ce mu je Kano wurin wani mai sayar da motoci da ke auren 'yar ƙanwarsa.

Mutumin ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya durƙusa ya gaida Baba, ya nuna mana wata ƙaramar mota 'yar Kwatano. Baba ya yi ciniki irin na kasuwar shanu: ya taya, aka sallama, aka yi musabaha, aka shafa fatiha. Sai aka miƙo mini kwafin takardu, wai na asali da na kwastan suna hanya. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya harare ni. A mota ya ce mini wanda ya tambayi surukinsa shaida a gaban babba, ya mayar da surukin maƙaryaci ke nan. Na haƙura, kuma gaskiya daɗin sitiyari ya rufe mini ido, ko lambar inji ban duba ba.

Ban yi wata biyu ina lodi ba, jami'an kwastan suka tare ni a hanyar Doguwa. Suka buɗe gaban mota, suka gwada lambar da ke jikinta da ta takarda, ba su zo ɗaya ba. Takardun na wata motar ne daban, tawa kuwa ba a taɓa biya mata haraji ba. Fasinja suka sauka suna tsaki, ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni, ina kallo aka tafi da ita.

Daga nan na shiga zirga-zirgar Kano. Yau mai sayar da motocin ya ce yaronsa ne ya haɗa takardun, gobe ya ce ya tafi Legas, jibi waya a kashe. Da na ce zan kai ƙara, dangi suka taso mini, wai in na ɗaure shi na kashe auren 'yar uwata mai 'ya'ya huɗu. Rasit ma babu, shaidata kawai fatihar da aka shafa. Ashe kunyar marar kunya asara ce, ban gane ba sai da ta ci ni.

Bara na leƙa motar a inda aka ajiye ta, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashi. Yanzu babur ɗin wani nake ja, kullum in kai masa balas. Amma abin da ke hana ni barci shi ne Baba. Damina ta faɗi, maƙwabta na huɗa da shanu, shi yana sunkuye da garma a hannu, yana hutawa a kowace kunya. Bai taɓa ce mini komai ba. Da zai zage ni da na ji sauƙi.

Ina roƙon masu karatu, kada ku ba da kuɗin mota sai takardun asali suna hannunku, kun gwada lambobi da idonku, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke da mai sayarwa. Ni kunyar minti ɗaya na ji, ga shi tsoho yana biyan ta da bayansa.