Ranar da Na Kwaɓa Ƙasa a Gaban Surukina

Ni mai masa ce a Wunti. Ban yi boko ba. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, na rage da mace ɗaya. Tanda ce ta raine ta, tanda ce ta kai ta ɗakin miji.

Mijin nata magini ne, kuma hannunsa na da kyau. Yaro mai kunya. Tun da ya auri 'yata bai taɓa haɗa ido da ni ba. In ya zo gaisuwa, a bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ni kuma in amsa ina kallon murhu. Bai taɓa kai loma baki a gabana ba. Haka muka gada. Shiga majami'a bai cire mana kunyar surukuta ba.

Wata shekara aka yi taron farkawa a majami'armu. Baƙon mai wa'azi ya yi magana a kan kira, ya kuma yi ta da kyau, ba ni da abin cewa. Da ya ce duk wanda ya ji Ubangiji na kiransa ya fito gaba, surukina ya fita yana hawaye. Na ce amin tare da kowa.

Abin da ya biyo baya ne ban ce wa amin ba. Ya ajiye aiki. Ya ce siminti kayan duniya ne. Ya ɗinka farar riga, kullum yana kan dutse a bayan gari da wasu 'yan'uwa, azumi da addu'a. Masu gini suka yi ta zuwa nemansa har suka gaji. Fastonmu ya zaunar da shi, ya ce in kira ne akwai hanyarsa, ya riƙe aikinsa tukuna a bi a hankali. Ya ce fasto bai gane ba.

Cikin damina sai ga 'yata da yaranta biyu, da ƙunshin kaya, da tukunya a ka.

"Mama, na dawo."

"Ya dake ki?"

"A'a."

"Ya zage ki?"

"Ina! Addu'a yake mini safe da yamma."

"To, me ya kawo ki?"

"Yaran nan sun fara leƙen tukunyar maƙwabta, Mama. In na yi magana sai ya ce bangaskiyata ce ta yi kaɗan."

Ta sauke tukunyar ta buɗe. Cokalin gininsa ne a ciki da igiyar awo. Ta ce cewa ya yi zai kyautar, shi ya sa ta ɓoye. Sannan ta ce ba za ta koma ba.

Na san kan 'yata, irin nawa ne. In ta wuce daminar nan a ɗakina, auren ya mutu ke nan. Mu kuwa a wurinmu aure ɗaya ne. Kuma ba ta daina son sa ba. Wadda ta daina ba ta ɗauko cokalin miji a tukunya.

Matan zumunta suka ce in je in yi masa magana. Maƙwabciyata ma haka ta ce, wata Bafulatana da ta zauna a gari tana saida nono, kullum tana tsayawa wurina da safe.

"Ke mai masa, bakin nan naki da 'yan acaɓa ke tsoro, shi ne ya kasa yaro ɗaya?"

"Suruki ne fa."

Ta kama baki. "Af! To, Allah ya ba ki dabara."

Ni ban taɓa jin murya daga sama ba. Ranar da aka binne mijina, kukan yunwa na ji daga ɗaki. Na tashi na jiƙa shinkafa. Tun daga ranar nake gaban tanda, kuma ban taɓa shakkar cewa Allah ne ya ajiye ni a nan ba. Ina addu'a a kan ƙullu kafin in zuba mai. Ban taɓa sayar wa mutum masar jiya in ce ta yau ce ba. Mai keke ya ci ya fita aiki, ɗan makaranta ya ci ya tafi aji. In ba Ubangiji nake wa wannan ba, to wa nake wa? A majami'a na ji cewa Yesu kansa sassaƙa ya yi ta yi kafin ya fara wa'azi. Ban ji an ce shekarun nan asara ya yi ba.

Duk wannan yana bakina. Amma ba a faɗa wa suruki ido da ido.

Sai aka yi ruwa mai ƙarfi, katangar madafata ta zube. Ta ƙasa ce, tun ta mijina. Na dube ta, na ce to, ga dabarar ta zo.

Surukina ya aiko cewa zai zo biko ranar Asabar da safe. Ranar na tashi daga tanda da wuri. Na tsince tubalan da suka tsira, na tara ƙasa, na zuba ruwa da ciyawa. Da na ji sallamarsa, sai na ɗage zani zuwa gwiwa na shiga cikin kwaɓin.

Ya durƙusa a bakin ƙofa da farar rigarsa.

"Mama, barka da asuba."

"Barka kadai."

Na ci gaba da taka ƙasa. Tsohuwa, ƙafafu a waje, laka har ƙwauri, a gaban mijin 'yarta. Ni kaina na ji kunyar har cikin ƙashi. Ban tsaya ba.

Ya sunkuyar da kai ƙasa. Can ya ce wa matarsa a hankali, "Ki ce wa Mama ta bari a kira wani."

Na ce, "Ke, gaya wa baƙon nan ba ni da wani. Allah ya ba ni ƙafafu."

Na fito na fara jera tubali. Ban iya ba, ban kuma yi ƙoƙarin iyawa ba. Layin farko ya tafi kamar tafiyar maciji. Na ɗora na biyu a kai. Ina jin numfashinsa daga inda nake.

"Ki ce wa Mama ya karkace."

"Gaya masa na gani. Ya yi mini addu'a ya miƙe."

'Yata ta cusa baki cikin mayafi. Ni ban yi dariya ba, don ba wasa nake ba. Na sunkuya zan ɗauki wani tubali, bayana ya riƙe, na dafa gwiwa. Wannan kam ba dabara ba ce, tsufa ne.

Sai na ji motsi. Ya miƙe, ya cire farar rigar, ya rataye ta a igiyar shanya.

"Ina igiyata?"

Matarsa ta shiga ɗaki ta ɗauko tukunyar. Ya rushe abin da na jera, ya kafa turaku, ya ja igiya. Ni kuma na wanke ƙafa, na sauke zanina. Da rana ta yi na zuba masa masa da miyar taushe, na shige ɗaki na saki labule don ya samu ya ci.

Daga cikin ɗakin na ji shi yana aiki yana rera waƙa. Waƙoƙin da suke yi a kan dutse ne, su ɗin dai. Ban sani ba ko shi ya lura. Ni na lura, matarsa ma ta lura, don ta daina tsintar shinkafa ta kasa kunne.

Ya yi ta zuwa har katangar ta tashi, ya shafe ta da siminti saboda ruwa. Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Ƙofar Dumi, mai aiko a saya masa masa, ya biyo da kansa wata safiya. Ya shafa katangar ya ce, "Mai masa, wa ya yi miki wannan?" Na nuna da haɓa. Alhaji ya ce yana da shaguna da ke jiran magini. Surukina bai ce siminti kayan duniya ne ba. Cewa ya yi, "Yaushe zan zo in gani?"

Ranar da ya gama, 'yata ta ɗaure kayanta ba tare da na ce mata komai ba. Ta ɗora tukunya a ka. Shi ya riƙe cokalinsa da hannu ɗaya, ƙaramar yarinyar da ɗaya hannun.

Ban taɓa cewa Allah bai kira shi ba. Ya kira shi. Yanzu yana gini cikin mako, ranar Asabar kuma fasto yakan tura shi ƙauyukan wajen Zungur tare da masu bishara. Ƙaramar majami'ar da ke ɗaya daga cikin ƙauyukan, shi ya ɗaga bangonta. Abin da na ce kawai, wanda ya kira shi shi ne ya ba shi hannun nan, shi ne kuma ya ba shi yaran nan.

Katangar tana nan, damina nawa ba ta tsage ba. Ni da shi ba mu taɓa tada zancen ba. Har yau a bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma ina amsawa ina kallon murhu.