Man Zabiya da Na Surka

Ba zan faɗi sunana ba, don ina da ɗiya, kuma wata rana za ta iya karatu. Waɗanda suka san ni a Bodinga sun riga sun san labarin. Waɗanda ba su san ni ba, sunan ba zai ƙara musu komai ba. Da ku nake, 'yan mata ƙannena, musamman masu ɗan sana'ar kayan shafa a cikin gida.

A Dingyadi aka haife ni. Babanmu da damina gero yake nomawa, da rani ya sauka fadama ya yi albasa. Boko a aji huɗu na tsaya. Ina karanta Hausa, Turanci kuwa sai dai in gane lamba. Abin da Allah ya ba ni shi ne ido. Tun ina yarinya, in na kalli mace ina gane mai fuska mai maiƙo da mai busasshiya, da wadda ko sabulu ta sauya sai ta yi ƙuraje. Kakata ke narka man kaɗe tana sayarwa, ni ke kai mata gidaje, a nan na koya.

Da aka kawo ni Bodinga gidan aure na ci gaba da sana'ar, man kaɗe da sabulun salo. Ba laifi, ana saye. Mijina yana bin motocin albasa zuwa kudu, sai ya daɗe bai dawo ba. Da na haihu sai tsoro ya shige ni. Ɗiyata ta yi tari, in ce shi ke nan. Hatsi ya yi ƙasa a buhu, in kasa cin abinci. Ba yunwa muke ba, tsoronta nake ji tun ba ta zo ba.

Wata maƙwabciyata mai suna Luba ita ta fara cewa man nawa na tsofaffi ne. Ta ce matan yanzu haske suke so. Ta nuna mini wani ɗan siririn mai na kemis da ake matsewa kamar man goge baki, wanda mata ke kira tub. Maganin ƙaiƙayi ne, amma yana washe fata. Na fara matsa kaɗan a cikin man kaɗe ba tare da na faɗa wa kowa ba. Ciniki ya buɗe. Ni ma na fara shafawa, don mai sayar da haske ba ta zama baƙa. Na san mai ɗaya ba ya yi wa kowa, amma kwano ɗaya nake damawa in raba wa kowa. Wannan shi ne na farko, kuma a lokacin ban kira shi laifi ba.

Bayan nan wata 'yar uwar mijina ta samo mini aikin shara a wani ƙaramin asibiti a Shagari. Da safe in hau mota da ɗiyata a baya, da la'asar in dawo. Mabuɗin ɗakin ajiya yana hannuna, don ni ke share shi.

A asibitin akwai ranar da zabiyoyi ke zuwa daga ƙauyuka, su karɓi wani mai da masu taimako ke aikowa kyauta. Malama Rabi, ma'aikaciyar jinyar da ke rabawa, kullum sai ta yi musu bayani, ni kuma ina gefe da tsintsiya ina ji. Takan ce, "Wannan mai ba ya ƙara fari, ba ya rage shi. Inuwa ce ake shafawa. Mu baƙin fatarmu yana tare mana wani abu na zafin rana, ku naku babu." Ta ce a shafa kafin a fita, har kunnuwa da ƙeya da bayan hannu. In an yi gumi ko alwala a ƙara. A sa malafa da riga mai dogon hannu, kuma tsakar rana a nemi inuwa ko da an shafa.

Cikin masu zuwa akwai Kulu, wata mata daga Mandera, da ɗiyarta Ma'u, zabiya, wadda ba ta wuce shekara tara ba. Idanunta ba su son haske, kullum a ƙanƙance, sai ta matso dab da mutum kafin ta gane shi. Ni takan gane ni tun daga nesa da ƙarar tsintsiya. Ta ce, "Gwaggo mai shara, ina kwana." In amsa mata.

Wata rana na ba Luba labarin man. Ta ajiye abin da take yi. Ta ce, "Ke wawuya ta? Dubi yadda suke tas kamar auduga. Man nan shi ka riƙe masu farin."

Na ce, "Haka anka haife su, Luba."

Ta ce, "To in ba shi da aiki, don mi anka ɗauko shi tun daga Turai? Samo muna ko cokali guda mu gani."

Na san ba gaskiya ba ne, da kunnena na ji bayanin Malama Rabi. Amma na samo. A bakin kowace robar man, ƙarƙashin murfi, akwai wata 'yar takarda mai ƙyalli da aka liƙe. Na gane in na ɗaga gefenta da reza a hankali, na ɗebi man, sai in ɗumama cokali in danna ta koma. Gurbin abin da na ɗiba in cika da farin man kanti mai araha, in girgiza.

Man yana da wata ɗabi'a. In baƙar mace ta shafa, yana barin fari-fari a fuska kamar an yi hoda. Luba ta shafa ta dubi madubi ta ce, "Ba na gaya maki ba?" Kafin wani lokaci mata sun ji cewa ina da man zabiya na asali. Na riƙa haɗa shi da tub don hasken ya zauna. Masu fuska mai maiƙo ya fito musu da ƙuraje don yana da nauyi, na ce musu dattin ciki ne ke fita. Suka yarda.

Daga cokali na koma rabi. Daga rabi na koma juye roba duka in cika ta da na kanti. Nakan ce wa kaina ai su ma mai suke samu, ba ruwa na zuba ba.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne yarda. Kafin a fara ba su man, Kulu ba ta barin Ma'u ta fita sai rana ta yi sanyi. Da man ya samu, ta sa ta makarantar allo, ta fara aikenta. Har albasa Kulu ta taɓa kawo wa ma'aikata, ni ma ta ba ni kasona. Ta ce, "Tun da munka samu manga, Ma'u ta shiga mutane." Na karɓa na yi godiya. Da albasar na yi miya.

Da bazara ta kama, lokacin cirar albasa, gidansu Kulu kowa ya sauka fadama. Ma'u ta yi ta kuka sai an je da ita. Uwar ta shafe ta da man tun daga goshi har ƙafa, ta sa mata malafa, suka tafi. Iska ta yi ta cire malafar, yarinya ta gaji ta ajiye ta. Uwar ta ce ai an shafa.

Ina share barandar asibiti aka kawo Ma'u. Wuyanta da kunnuwanta da hannuwanta sun yi ja sun yi bororo, kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ba ta kuka, sai rawar jiki. Malama Rabi ta hau Kulu da faɗa, ta ce ba ta shafa mata ba. Kulu ta ciro robar daga zaninta ta ce, "Wallahi Malama na shafa, har sau biyu na ƙara. Ga ta nan ta kusa ƙarewa."

Sai Ma'u ta ce, "Malama, na da ba shi da ƙamshi. Wanga ƙamshin turare gare shi."

Malama Rabi ta buɗe ta shinshina. Ta shafa a bayan hannunta, ya shige nan take bai bar fari ba. Ta ce in ba ta mabuɗin ɗakin ajiya. Ta riƙa buɗe robobin ɗaya bayan ɗaya tana duba bakin takardar, ni ina tsaye a ƙofa da goyo. Da ta gama ta juyo ta kira sunana. Ban yi musu ba.

Aka kai ni caji ofis, daga nan kotu. Luba ta ce ita saye kawai take yi, ba ta san inda nake samowa ba. Alƙali ya tambaye ni ko na san amfanin man ga masu shi. Na ce na sani. Ya tambaye ni ko ina da ɗa. Na ce ga ta can hannun kakarta. Ya yanke mini zaman gidan yari a Sakkwato. A ranar aka yaye ɗiyata, uwar mijina ta tafi da ita.

Zaman gidan yari ba ni da abin faɗi da yawa a kansa. Ana tashi, ana shara, ana cin abin da aka bayar. Nonona ya yi ta zuba har ya gaji ya kafe. Kullum ina tunanin ko an rufa wa ɗiyata zani, ko tana tari, ba wanda zan tambaya. A can fuskata ta biya nata bashin. Da na rasa tub sai ta yi ja, ta yi zafi, ta fito da ƙuraje, daga baya kumatuna suka yi baƙi fiye da yadda aka haife ni. Wata gandiroba takan ce, "Mai gyaran fata, ga taki ta gagare ki." Matan ɗaki su yi dariya. Ma'aikaciyar lafiyar gidan ta ce tub ɗin ne ya cinye ƙarfin fatar, magani sai mai marar ƙamshi, da guje wa rana, da haƙuri. Har yau tabon bai gama tafiya ba.

Da aka sake ni na dawo Bodinga. Mijina ya bar ni a ɗakina, amma magana ta ragu. Ɗiyata ta ɓuya bayan kakarta, sai da aka daɗe kafin ta yarda in goya ta.

Na yi tuba tsakanina da Allah, amma malamin unguwarmu ya ce haƙƙin mutum sai mai shi. Sai na hau mota zuwa Mandera. Na iske Kulu tana sussuka a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa. Ita ta gaya mini cewa ƙunar ta warke ko'ina sai saman kunne ɗaya, wanda ya zama gyambo ya ƙi rufewa, har sai da aka kai ta babban asibiti aka yanke wurin. Ta ce yanzu mai na gaske ake ba su, Malama Rabi a gabansu take ɓare shi. Amma Ma'u ba ta yarda a shafa mata. Ta ce duk ƙarya ne. Sai an danne ta.

Kulu ta ce, "Ni na yafe maki nawa. Nata kuwa, ga ta can ɗaki, ki tambaye ta."

Na je bakin ƙofa na yi sallama. Ma'u ta gane muryata. Ta ce, "Gwaggo mai shara, lokacin da nike gaishe ki, kin san man ba shi na ba?"

Na ce, "Na sani."

Ba ta fito ba. Na jira har aka kira la'asar, sannan na tashi.

To ƙannena, ga abin da zan ce muku, kuma ba daga littafi na samo shi ba. Kada ku sayi man da aka dama a kwano, wanda mai shi ba za ta iya faɗa muku abin da ke ciki ba. Kada ku shafa abu don ya yi wa ƙawarku kyau. Mai maiƙo ta nemi mai sauƙi, mai bushewa ta nemi mai nauyi, wadda fatarta ke saurin fushi ta guji mai ƙamshi, kuma sabon mai a gwada shi a cikin hannu tukuna kafin a kai fuska. Tub magani ne, sai ma'aikacin lafiya ya ce a shafa. Man rana kuwa, irin wanda ake ba zabiyoyi, ba ya sa fari. Mai baƙar fata ma yana mata amfani in tana wuni a fili, amma ga zabiya lafiyarsa ce gaba ɗaya. Ku dubi lambar ƙarfin tare rana da ke jikin robar, talatin ko hamsin, ku dubi bakinta ko a liƙe yake sosai. In ƙamshi ko kauri ya sauya, ku mayar ku tambaya.

Ke kuma mai sana'a, ranar da aka ce ki ɗan surka, ba wanda zai sani, ki tuna akwai wanda zai shafa ya fita rana don ya yarda da ke. Ni da cokali ɗaya na fara, kuma tsoron talauci ne hujjata, talaucin da bai ma zo ba.

Da zan fito daga gidan, Kulu ta raka ni zaure ta ce in sake dawowa bayan damina, wataƙila yarinyar ta huce. Zan koma. In ta yafe, alherinta ne. In ta ƙi, ita ke da gaskiya.