An naɗe awara da littattafanmu

Jama'a, yau na tsinci littafin laburarenmu a gaban kaskon suya! Innalillahi.

Kun san bulog ɗin da na buɗe mana, inda nake sa hoton bangon tsofaffin littattafai da ɗan bayani. To, ɗazu da safe wata ɗaliba ta turo min saƙo a WhatsApp: "Malama, littafin tarihin ƙofofin Kano da kika sa yana nan?" Na ce yana nan, ta taho.

Na shiga ɗakin baya in ɗauko. Wayam! Ko ɗaya babu.

Na ruga ofishin shugabanmu. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Malama Binta, ba ke kika ce kin zuba su a intanet ba? Kwamfutoci za a sa a ɗakin. Jiya na sa aka kwashe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bangon kawai na ɗauka! Bangon!"

Sai a lokacin ya ɗago kai. Can ya ce, "Ai da kin faɗa."

Baba maigadi ya ce masu suya na Ƙofar Na'isa aka raba wa. Na tari adaidaita sai Ƙofar Na'isa. Wallahi ga mai awara tana yagar shafi tana naɗe wa mutane, hatiminmu ɓaro-ɓaro a jiki! Na riƙe hannunta. Ta ce, "Hajiya, da yaji ko babu?"

Shafi goma sha ɗaya na tsira da su, duk sun sha mai. Shekara tara ina tsare su daga gara.

Yanzun nan ɗalibar ta sake turowa: "Malama, na iso, ina bakin ƙofa."

Don Allah ku faɗa min me zan miƙa mata.