Kiɗan da Tsinke Ya Hana Kaiwa Ƙarshe

Jama'a, ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban iya ƙawata zance ba. Abin da za ni faɗa muku da ni ya faru, idona ya gani, jikina ya ji, kuma wallahi in na ƙara ko kalma guda Allah ya tambaye ni.

Shekarun baya ne, lokacin da hanyar Isa zuwa Sabon Birni ta fara lalacewa, ina kabu-kabu da mashin ɗina. Ƙarshen damina, gero ya wuce tsawon mutum, irin lokacin da ba ka ganin abin da ke gefen hanya sai ya fito maka. Na ɗauko Kawu Labbo, wan mahaifiyata, daga kasuwar Isa za mu gida Gangara. Kawu tsohon mai goge ne. Da ƙuruciyarsa shi ke yi wa 'yan bori kiɗa tun daga nan har cikin Nijar, daga baya ya tuba, ya ƙone gogen da hannunsa, ya kama noma da sahun gaba a masallaci. In kana son ɓacin ransa, tuna masa da wancan zamanin.

Ba mu yi nisa ba ɓarayin daji sunka fito daga cikin gero. Mai mashin da ke gabana ya so ya juya, sunka harbe shi a wuya, ya faɗi mashin a kansa, taya na ta juyawa. Ni na tsaya. Sunka kora mu cikin daji, mu da wasu matafiya, wanda ya gaza tafiya a bar shi nan da harsashi, har munka kai gindin wata tsamiya babba inda sunka yi zango da shanun sata. Nan anka ɗaure mu biyu biyu, ƙafa da ƙafa, da sarƙa da kwado. Ni da Kawu sarƙa guda. Tun ranar na sa a raina ko dai mu fita tare ko mu mutu tare, don ko sarƙar ba ta hana ni ba, ban san da wace fuska zan kalli uwata ba in na koma babu wanta.

Wanda ke tsaronmu ana ce masa Tsinke, dogo ne siriri, idonsa ja kullum saboda ƙwaya. Yana da wata waya da ya ƙwace hannun wani da ya dawo daga Libiya, bayan ya kashe shi, da 'yar sifika da yake ratayawa a reshe. Cikin wayar akwai wani kiɗa da ban taɓa jin irinsa ba tun da anka haife ni. Da iska yake farawa, iska mai kuka kamar tana ratsa itatuwa, sai kukan hankaka, sai a busa ƙaho daga nesa. Sai gogaye su shigo, ba guda ba, da yawa a tare, masu nauyi. Kana cikin sauraro sai ganguna su ɓarke kamar ana ɓarin wuta da babbar bindiga, jita na gurnani, sannan wata murya ta kece da ihu, ba waƙa ba, ihu, irin na wanda anka sa wa wuƙa ba a gama yankawa ba. Akwai hoto a fuskar wayar, Tsinke kan nuna mana yana dariya yana cewa ga 'yan uwansa: wasu Turawa masu dogon gashi, fuska shafe da fari da baƙi kamar gawa, tsaye cikin wani baƙin daji, ƙanƙara ta rufe ƙasa.

Da kiɗan nan yake auna duka. In rana ta take sai ya zaɓi mutum, a kwantar da shi, ya kunna, su hau shi da kebur da gindin bindiga, ba a dainawa sai kiɗa ya ƙare. To amma kiɗan ba ya ƙarewa. Can wajen ƙarshensa ganguna kan yi shiru, ihun ya tsaya, wata sarewa ta shigo a hankali da goge guda ɗaya mai sanyi. Da ta soma sai Tsinke ya tsuke baki ya ce kiɗan mata ya zo, ya danna ya mayar farko. Haka wani ɗan kasuwa mutumin Kurawa ya mutu a gabanmu, ana maimaita masa har ya daina motsi. Ni ma an yi mini, bayana na nan da shaida.

Na lura tun ranar farko Kawu ba dukan yake kallo ba, kunne yake kasawa. Wata rana da yamma ya matso ya ce mini a hankali, “Kai, wanga ba kiɗan nishaɗi ba ne. Kira ne.”

Na ce Kawu bar wannan zance, yarensu ma ba ka ji. Ya ce ba sai ya ji yare ba, ya yi shekaru yana wannan aiki, ya san yadda ake buɗe hanya, ya san yadda ake zuga, ya san inda mai zuwa yake sauka. Ya ce duk wanda ya tsara kiɗan nan mutanen dajinsu yake kira, kuma ya san aikinsa, don ya sa sallama a ƙarshe, ita ce sarewar nan da Tsinke ke yankewa. Mai goge ko na banza ne ba ya tashi daga fage bai sallami wanda ya kira ba. “Shi kuwa wanga jakin kullum shina kira, bai taɓa sallama ba. Taruwa suke.”

Na ce to ai gara su taru su cinye shi. Kawu ya dube ni ya ce, “Kai da shi wa ad da sarƙa a ƙafa?”

Washegari da Tsinke ya rataya sifika, Kawu ya ɗaga murya ya ce, “Ɗana, don Allah in ka kunna abin nan ka bar shi ya kai ƙarshe, ko sau guda.”

Tsinke ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi a ganinsa tsoho wayo yake, yana son a rage duka. Ya ce, “Baba, kai ne alƙalin kiɗa yanzu? Mi ka sani ga kiɗa?”

Wani cikin waɗanda anka kama ya so ya taimaka, ya ce ai tsohon mai goge ne, a saurare shi. Taimakon nan shi ya ja wa Kawu. Tsinke ya sa anka shimfiɗa hannun Kawu na hagu a kan saiwar tsamiya, ya tambaye shi da waɗanne yatsu ake taɓa tsirkiya, bai jira amsa ba ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gindin bindiga. Ina jin ƙarar ƙashin ta cikin sarƙar da ke ƙafata. Kawu bai yi kuka ba, salati kawai yake. Da anka gama ya ce mini, “Ai dama na daina amfani da su.”

Daga nan abubuwa sunka fara canzawa. Shanu sunka ƙi inuwar tsamiyar, sai su tsaya cikin rana suna huci, ko an doke su ba su matsowa. Tsuntsaye sunka bar itacen. Ƙudan da ke bin raunukanmu ma sunka ɓace. Sannan sanyi. Ku da kuka san ƙasarmu kun san zafin ƙarshen damina, mutum na zaune gumi na zuba, amma da an kunna kiɗan sai wani sanyi ya taso daga ƙasa ya kama ƙashi, da wani ƙamshin itace da ba na dajinmu ba. Kawu ya ce iskokin nan gida ya san su, ya san abin da kowannensu ke so, kuma duk sun tashi sun bar wurin. Waɗanga baƙi ne.

Ranar da abin ya faru ni anka zaɓa. Rana tsaka, ba iska ko kaɗan. An kwantar da ni rub da ciki, Kawu na zaune gefena saboda sarƙa, mutum biyu na kaina da kebur, sauran suna zaune da bindigoginsu suna cin nama. Kiɗa ya tafi har sarewa ta soma, Tsinke ya mayar farko. Ya sake zuwa, ya sake mayarwa. A na ukun ne na ga numfashin mai dukana yana fita kamar hayaƙi, shi ma ya gani, ya tsaya da kebur a sama.

Sai ihun ya zama biyu. Ɗaya daga sifika, ɗaya daga bakin Tsinke. Wallahi tallahi tare suke tafiya, kalma da kalma, cikin yaren da bai taɓa sani ba, mutumin da ko Hausa sai ya ga dama yake gyarawa. Kansa ya karkace baya, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Wani abokinsa ya taso yana dariya, ya dafa shi yana cewa ƙwayar yau ta yi yawa. Tsinke ya kama muƙamuƙinsa da hannu ɗaya ya fizge. Na ga wannan. Ban so na gani ba, amma na gani.

Sannan ya ɗauki bindiga. Ya bi abokansa yana harbi daidai da bugun gangunan, su ma sunka buɗe masa wuta, wasu cikin ruɗewa sunka harbi junansu, shanu sunka tsinke sunka bi ta kan waɗanda ke ƙasa. Mai dukana ya faɗo a kaina, jininsa na shiga mini kunne. Na ga harsashi na shiga jikin Tsinke, rigarsa na tsalle, bai faɗi ba. Harsashi guda ya sami sifikar ta tarwatse, wayar ma ta faɗi cikin jini anka tattake ta. Amma kiɗan bai tsaya ba. Daga cikin itatuwa yake fitowa, ta kowane gefe, kuma ba ya zuwa wajen sarewar, sai ya kai bakinta ya koma farko da kansa.

Waɗanda sunka rage da rai sunka watse, ɓarayi da kamammu, kowa na jan abokin sarƙarsa. Na ture gawar, na ciccibi Kawu na ce mu tafi. Ya riƙe saiwa da hannunsa mai lafiya ya ƙi.

“In munka gudu yanzu, gida za mu kai su. Uwarka na can, ɗiyanka na can. Zauna.”

Na ce ba goge, ba yatsu, da mi za ka yi? Ya ce da baki. Ya yi istigfari, ya ce Allah ka ga dai ba da sona ba, ya gyara zama kamar yadda masu goge ke yi, ya ɗora karyayyen hannun a gwiwa, ya fara da hanci da maƙogwaro. Ɗan abin da yake ji na sarewar kafin a yanke, shi ya kama, ya yi ta juya shi, da ya kai inda bai taɓa ji ba sai ya ɗora da irin tasu sallamar ta Gobir.

Tsinke ya juyo. Ya tako har gabanmu, bindiga na ja a ƙasa, cikinsa a buɗe, ya tsaya yana kallon Kawu da kai a karkace kamar kare na sauraro. Sanyin da ke fita daga jikinsa ya sa haƙorana na haɗuwa. Na rufe ido na buɗe, yana nan. Kawu bai dube shi ba, ya ci gaba, muryarsa na rawa tana dawowa, gangunan cikin daji na raguwa, ihun na ja da baya, har ya zamana ba abin da ake ji sai muryar tsoho guda. Ya ja ta ƙarshe ya sake ta.

Tsinke ya yi atishawa. Waɗanda sunka taɓa ganin bori sun san abin da wannan ke nufi, iskar da ta hau mutum ce ke sauka. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku, ya zube. Nan take zafin rana ya dawo, ƙudaje sunka sauko.

Na laluba aljihunsa na ciro makulli, jikinsa kamar ƙanƙarar da ake sayarwa da azumi. Na kwance mu, na goya Kawu, na bi rana har munka faɗa gonakin Gatawa, mutane sunka taimake mu. A hanya na ce masa Kawu ka gama da su. Ya ce, “Na sallami waɗanda sunka yarda.”

Daga baya na kwatanta kiɗan ga wani mai tura waƙoƙi a waya a Sabon Birni, ya gane irinsa. Ya ce na Turawan ƙasashen ƙanƙara ne, wai bilak metal, suna haɗa shi da gogensu da sarewarsu ta gargajiya, suna waƙar dazuzzukansu da duwatsu da abubuwan da kakanninsu ke tsoro kafin addini ya je musu. Ya ce kiɗa ne kawai, can ma samari ke rawarsa, ya nemo zai kunna mini. Na riƙe hannunsa. Mai yiwuwa gaskiyarsa, can da ake barinsa ya ƙare kiɗa ne kawai.

Kawu ya kai gida da ransa, na kai wa uwata wanta. Amma bai sake jin ɗumi ba. Bazara ta zo, mutane na kwana waje, shi yana ɗaki da bargo da kaskon wuta. Malamai sun yi rubutu, an kai shi asibiti, ba a ga komai ba. Bai yarda jikokinsa su shiga ɗakin ba, ni kaɗai ke kai masa abinci, kuma in na shiga sai ya ce in tsaya daga bakin ƙofa, wai ɗakin ya cika. Kafin wata damina ya rasu. Waɗanda sunka yi masa wanka sun fito suna hura hannuwansu. Ɗakin yana nan a rufe, ko kaji ba su kwanciya jikin bangonsa.

Ban san mene ne ba, ban kuma nemi sani ba. Abin da za ni ce muku shi ne, ku masu yawo da waya cike da kiɗan ƙasashen da ba ku sani ba, kada ku kunna shi cikin daji, balle gindin babban itace da rana tsaka. In kuwa tsautsayi ya sa kun kunna, ku yi addu'a, ku cire hannunku daga kan wayar har ya gama da kansa. Masu iya sallama da baki sun ƙare, na ƙarshen da na sani ni na sa shi a kabari.