Mutumin da Ya Kwance Kan Famfo

Kafin a buga ƙararrawar shiga aji, Kawun Tanki ya riga ya hau tsani. Haka yara ke kiran maigadin makarantar unguwarmu. Zai buɗe matatar ruwa ya leƙa, ya sauko ya tara kofi ya fara sha da kansa, sannan ya bar yaro ya kafa baki. Shekara goma sha ɗaya bai fasa ba.

Matatar cike take da wani gawayi na musamman mai haɗin azurfa, wanda ke hana ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Yana da wa'adi. In ya cika, ruwa na nan garau a ido, amma kariya ta tafi.

Wa'adin ya cika a zangon da ya wuce. Maimakon sabo, sai ga shugaban makaranta da buhun gawayin girki, wai a daka a zuba.

"Kawu, gawayi ai gawayi ne. Duk baƙi ne."

"Ranka ya daɗe, gishiri da sikari ma duk fari ne. Zuba gishirin a shayinka mu gani."

Kawu ya kwance kan famfon, ya jefa aljihu. Kwana huɗu babu ɗigo. Mu kuwa iyaye mata, ko dalili ba mu tambaya ba, muka yi masa caa a bakin ƙofa. Har da ni, da goyo a baya, ina cewa, "Tsoho, ka ji tsoron Allah!" Ya dubi yarinyata da ke riƙe da zanina, ya ce, "Ki dafa mata ruwa a gida ki cika gora. Gara ki zage ni da ki saɓa ta zuwa asibiti."

Rana ta biyar, dole aka kawo gawayi na gaskiyar. Ladan Kawu fa? Takardar sallama. Wai tsufa ya sa shi gardama! Ƙarshen watan nan zai tafi, wanda ya kawo buhun kuwa yana nan kan kujerarsa yana juyi.

Kawu, kai ne katangar da muka jingina da ita muna zaginta. Na gode, kuma ka yafe mini.

Iyaye, shi ya ce a'a shi kaɗai, ya rasa aikinsa. Mu da muka haifi yaran fa? Litinin da safe ina ofishin shugaba. Duk wadda ɗanta ya taɓa shan ruwan nan lafiya, ta same ni can. Idan muka yi shiru, maigadin da zai zo bayansa ya riga ya koyi darasi: zai daka, zai zuba, 'ya'yanmu su sha.