Jar Wuta a Ƙofar Gidan Surukina

Wasu shekaru can baya ina jan wata tsohuwar a-kori-kura, ina kai riɗi kasuwar Maigatari duk Alhamis. A hanyar dawowa nakan tsaya a Ɗanzomo, in sauko in durƙusa in gaida surukina, wanda ke zama bakin titi yana jiran wucewata. Ba na kashe motar, don in ta mutu sai da turi.

Sai fitilar baƙin mai ta fara kawo jar wuta. Da safe lafiya lau, a guje ma haka, amma in inji ya yi zafi na tsaya a silo, wato inji na juyawa a hankali, sai ta kama. In na taka totur ta ɗauke. Na duba mai, a cike yake. Ni da dabarata, sai na daina saukowa: ƙafa a kan totur, kai ta taga, ina gaida dattijo inji na ruri. Kunya ta hana ni cewa motata ce ba lafiya. Ana haka dattijon ya daina fitowa, matata kuma ta ce a gidansu ana cewa na yi kuɗi. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai.

Na kai motar wajen wani bakanike a Gumel, na ce ya canja wayar fitilar. Ya ƙi. Ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai ya bar inji ya yi zafi, allura ta yi ƙasa. Ya tsiyaye man, ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ya ce mital ne, ƙarafan da kiranshaf, babban sandan cikin inji, ke juyawa a kansu, sun cinye, shi ya sa in mai ya yi zafi ya tsinke sai ya zurare ta gefe, fitilar ta kama. Saura kaɗan injin ya buga.

Bayan gyara na je har soron surukina da tsofaffin ƙarafan, na yi bayani. Dattijo ya juya su a hannu ya ce, "Na ɗauka ɓata maka lokaci nake, shi ya sa na koma ciki. Da ka kashe ta, ai da mun tura."

Ya rasu tuni. Har yau in na bi ta Ɗanzomo ina jin nauyin makonnin da ya zauna cikin gida don kada ya takura mini.