Sauron da Ba Ya Cizo

Shekarar da na zama malamin gona a Birnin Kebbi, lokacin Sakkwato ce hedikwatarmu, aka ba ni babur da wani madubi mai ƙara girman abu. Tun da madubin nan ya shiga aljihuna na daina jin maganar kowa.

Da damina kawuna, wan mahaifiyata, ya aiko in zo Gulma. Irin shinkafarsa ya isa dashe, amma ya ga wasu 'yan ƙwari a kan ganyen, hankalinsa bai kwanta ba. Gonar nan guda ita ke ci da gidansa. Niyyarsa ya watsar da irin, ya roƙi wani wajen maƙwabta tun damina ba ta yi nisa ba.

Na kama ɗaya na murtsuke, na ɗora madubi, na daɗe ina gyaɗa kai don a san na yi makaranta. Dogayen ƙafafu, siririn jiki. Na ce sauro ne.

“Ɗana, wanga ba sabro na ba,” in ji kawu. “Mu hannu muka miƙa mai. In yac ciza, sabro na. Wanga ko kuka bai yi, kuma duba cikinai ja.”

Na yi dariya, Allah Ya yafe mini. Na ce jan ciki ai jini ya sha, kuma ilimi ya wuce a tsaya ƙwaro ya ciji mutum. Ya ce to, ai na fi shi sani. Ya dasa.

Bayan makonni shinkafar ta fito da ganye zagaye mai rami, sak na albasa. Na kai wa wani tsohon ma'aikaci ganyen a Argungu, ko juyawa bai yi ba ya ce ɗan ƙudan shinkafa ne, tsutsarsa ke cin zuciyar tsiro, kuma karan da ya yi haka ba ya zangarniya. Ashe ƙwaron ko bakin tsotso ba shi da shi. Ina da madubi a hannu, ƙafafu na tsaya kallo!

A kakar nan, kawun da ke aiko mana da shinkafa, mahaifiyata ce ta aika masa da gero. Kunya ta hana ni taka Gulma. Ran kasuwar Argungu muka yi kiciɓis, na rasa inda zan sa kaina. Ya kama hannuna ya ja ni wajen abokansa.

“Ga ɗana,” ya ce, “malamin gona na.”

Da ma zagina ya yi.